Amsa ga Alhajin da ya tambaye ni ribar jirgin Kaduna

Assalamu alaikum, Alhaji.

Na ji ka a rediyo ranar Asabar, rabin unguwarmu ma sun ji. Ka ce in fito in faɗa wa talakawa nawa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ya dawo da shi daga dukiyar da ya ci. Da a nan ka tsaya, da na gode maka. Sai ka ƙara da cewa wai don fanshona na tsohon ma'aikacin reluwe nake kare jirgi. Wannan ta yi mini ciwo. Shekara 31 na yi ina gyaran layin dogo tsakanin Zariya da Ƙaura Namoda, ba wanda ya taɓa kama ni da kwabon wani. Jirgi ya cika ko ya tafi wayam, fanshona ba ya ƙaruwa. Kai kuwa, duk fasinjan da ya nufi tashar jirgin ƙasa ta Rigasa a Kaduna, daga motocinka ya ragu. Ya kamata ka gaya wa masu sauraro haka tun farko.

Ga amsarka ba kwana-kwana: kuɗin tikiti bai biya layin ba, kuma ba zai biya shi nan kusa ba. Kilomita 186 ne, an buɗe shi a Yulin 2016, akwai bashin dala miliyan 500 na bankin Exim na ƙasar Sin a kansa, daga baitulmali ake biya. Ban taɓa musun haka ba.

To titin da motocinka ke bi fa, ranka ya daɗe, nawa ya dawo da shi? Kwangilar hanyar Abuja zuwa Kaduna, Zariya da Kano ta fara da kimanin naira biliyan 155 a 2017, zuwa 2021 ta kusa biliyan 800. Wa ya biya? Talakan nan da kake ambata, har da wanda bai taɓa ganin Abuja ba. Tun da Obasanjo ya rushe shingayen karɓar kuɗin hanya, kimanin shekara 20 kuka yi kuna bin titunan tarayya kyauta, tireloli da tankoki suna farfasa kwalta, hukumar gyaran titunan tarayya, FERMA, na bi tana faci da kuɗin jama'a. Fetur ɗin da kake zuba wa bas-bas ɗinka, har ranar 29 ga Mayu 2023 gwamnati ke cika maka kuɗinsa. A 2022 kaɗai tallafin ya haura naira tiriliyan 4. Kan jirgi dizal yake sha, wanda aka cire wa tallafi tun da daɗewa. Ban ma kawo rayuka ba. Alƙaluman hukumar kiyaye haɗurra na 2023 sun nuna sama da mutum 5,000 sun mutu a titunanmu. Wannan asarar ba ta cikin kuɗin motar da kamasho ke karɓa, iyalan mamata ke ɗauka.

Ka ambaci harin da 'yan bindiga suka kai wa jirgin ranar 28 ga Maris 2022. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Kai ma ka san masu garkuwa da mutane a kan titin ne suka kori jama'a zuwa jirgi tun farko.

Abin da ke ƙona mini rai, jirgi kaɗai ake tsarewa da tambaya, domin kuɗinsa a wuri ɗaya yake, ana iya nuna shi da yatsa. Na titi a warwatse yake cikin kasafi, da aljihun direba a shingen jami'ai, da gadon asibiti. A kawo mudu ɗaya a auna su duka. Ya kamata hukumar jiragen ƙasa ta buga abin da take kashewa kan kowane fasinja, ta kuma yi bayanin 'yan cuwa-cuwar tikiti da suka addabi mutane a tashar Idu ta Abuja da ta Rigasa. Ya kamata ma'aikatar ayyuka ma ta buga abin da kowace kilomita ta titi ke ci. Ku ma ƙungiyoyin tasha, kuɗin da kuke karɓa kan kowace mota kullum, ina yake shiga?

Ni a shirye nake mu haɗu a gidan rediyon nan ranar da ka zaɓa. Zan zo da takardar fanshona a karanta wa jama'a. Kai kuma ka zo da littafin tasha.

Wassalam,
Tsohon ma'aikacin reluwe, Zariya