Sanarwa kan fita kallon tsuntsaye a Dagona

Assalamu alaikum ƴan uwa masoya tsuntsaye.

Hunturu ya kama, baƙinmu daga Turai sun fara sauka a dausayin Haɗejia da Nguru, bayan sun ƙetare hamadar Sahara. Sai wajen watan Maris za su juya. Don haka muna shirin fita tafkin Dagona a jihar Yobe. Mai sha'awa ya rubuta sunansa a nan, za mu tsayar da rana tare. Da asuba za mu tashi, domin da hantsi ya yi tsuntsaye kan watse.

Kowa ya riƙo littafi da biro. A rubuta rana da wuri da abin da aka gani, ko kirinjijiya ce ko dinya ko zalɓe. Wannan rubutu ba wasa ba ne. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, daga baya ta Challawa, ambaliyar da ke raya dausayin ta ragu, ciyawar kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa. Idan za mu tunkari ƴan majalisarmu kan wannan, da shaida a hannu ya kamata mu je.

Abin da ya fi damuna shi ne ungulu. Ana kashe ta ana sayar da sassanta a kasuwa, har ta yi wuyar gani a mahautanmu, alhali ita ke share mana mushe. Don Allah, duk wanda ya ga gauraka a ɗaure a gida ko yara da danƙo, ya yi nasiha cikin lalama.

Ba a taɓa sheƙa, ba a ɗaukar ƙwai.

Na gode, Allah Ya kai mu lafiya.