Jinyar tsofaffi a Damagaram: abin da na gani a wurare uku

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili a jaridarku in faɗi abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni malamar firamare ce a Damagaram. Watanni goma sha huɗu ke nan da hawan jini ya kayar da mahaifiyata a bakin murhu, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Bayan an sallamo mu daga asibiti, jinya ta dawo kaina ni kaɗai, domin yayyena maza ɗaya yana Agadas, ɗaya yana Kano, kuɗi suke aikowa. Allah ya saka musu, amma kuɗi ba sa juya Inna a kan katifa da ƙarfe biyun dare.

Da aka kusa komawa makaranta a watan Oktoba, na shiga neman inda za a riƙe mini ita da rana. Iya yawon da na yi ban ci karo da gidan da aka gina musamman don tsofaffi ba. Wurare uku na samu, kuma kowanne na je da ƙafata.

Na farko wani asibitin kuɗi ne. Ɗaki tsaf, ga fanka, ga injin wuta idan an ɗauke, ana auna jini safe da yamma. Sai dai kuɗin kwana goma ya cinye albashina na wata, kuma duk da haka sai ka zo da mai jinyarka, don wanka da sauya kunzugu ba aikin ma'aikatansu ba ne. Na biyu gidan wani mai maganin gargajiya ne a kan hanyar Mirya, inda na tarar da masu shanyewar jiki kwance a tabarmi ƙarƙashin rumfa. Kuɗin kaɗan ne, mutumin kuma yana da fara'a, amma sharaɗinsa a daina ba ta ƙwayar hawan jini. Nan take na yi sallama.

Na uku wata bazawara ce a unguwarmu, wadda ta yi jinyar mijinta shekara huɗu kafin ya rasu. Ita na ɗauka, kuma har gobe ina gode mata. Tana ba Inna kunu da cokali a hankali, tana tsefe mata kai, suna hirar Birni ta da. Abu ɗaya ne ba ta sani ba, ni ma ban sani ba: wanda ba ya iya motsi dole a riƙa juya shi duk bayan awa biyu. Wata Asabar ina yi wa Inna wanka na ga wani wuri a ƙugunta ya yi duhu kamar ƙuna, faɗinsa bai wuce dala ba. Cikin mako guda ya buɗe ya zama gyambo. Wata uku muka yi muna wankinsa, cikin zafin bazara, a garin da kowa ya san yadda ruwa yake, ina tsaye a ƙofar gida tun asuba ina jiran ɗan garuwa saboda zannuwa uku da suka ɓaci cikin dare. Inna ba ta iya magana sosai, sai dai ta riƙe hannuna da na hagunta tana hawaye.

Da wani ma'aikacin lafiya ya leƙo gidanmu sau ɗaya ya nuna mana juyawar nan, da gyambon bai fito ba. Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan.

Na san masu cewa kai iyaye gidan tsofaffi abin kunya ne, al'adar Turawa ce. Ina tare da su, ba zan so Inna ta kwana a hannun baƙi ba. Mu a Damagaram ma muna da darasi a gabanmu: unguwar Kara-Kara ta samo asali ne daga ware masu cutar kuturta a gefen gari, kuma jikokinsu har yau suna fama da kallon da ake yi musu. Kada a gina wa tsofaffi da naƙasassu irin wannan katanga. Amma masu maganar kunya su shiga ɗakunan su ga wa ke ɗauke da nauyin. Kusan kullum mace ɗaya ce, ɗiya ko suruka, wani lokaci jika da aka cire daga makaranta. A ajina kaɗai yarinya biyu sun daina zuwa saboda jinyar kaka.

Gwamnati ta nuna tana iyawa idan ta so. Tun 2006 aka ɗauke kuɗin magani ga yara ƴan ƙasa da shekara biyar, a 2024 kuma aka rage kuɗin ganin likita da rabi a asibitocin gwamnati. Mun yaba. Sai dai tsohuwar da ba ta iya zama a kan kabu-kabu, ragin bai isa inda take kwance ba.

Roƙona ga hukumomin lafiya na jiha da magajin gari bai da tsada. Muna da makarantar koyon aikin lafiya ta ƙasa a garin nan, ga kuma sashen lafiya na Jami'ar André Salifou. A sa ɗalibansu su yi wani ɓangare na horonsu a gidaje, ƙarƙashin asibitin kowace unguwa, masu unguwanni su ba da sunayen waɗanda ke kwance. Ko sau ɗaya a mako ne, su auna jini, su duba baya da ƙugu da dugadugai, su koya wa mai jinya motsa gaɓoɓi. Matan da suka riga suka ƙware a jinya, irin maƙwabciyata, a ba su horon mako biyu da takarda, su samu sana'a, mu samu wanda za mu amince wa. Limamanmu kuma su tuna da wannan fanni idan ana rabon zakka, domin kunzugun manya da keken guragu sun fi ƙarfin gidaje da yawa.

Gyambon Inna ya warke, alhamdu lillahi. A layinmu kaɗai akwai tsofaffi uku a kwance, kuma ni ce nake zagayawa bayan la'asar ina nuna wa masu jinyarsu yadda ake juya su.

Wassalam.

Wata malamar firamare,
Unguwar Zango, Damagaram.