Wasiƙa daga Zariya: na fara saƙa da inji

Tudun Wada, Zariya.

Ƙawata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da maigida da yara. Mu nan sai godiyar Allah.

Kin tuna injin saƙar nan na Brother da Goggo ta daɗe da turawa ƙarƙashin gado? To, ta bar mini shi. Wata baiwar Allah a Sabon Gari, mai saƙa wa 'yan makaranta rigunan sanyi, ita ke koya mini. Da farko sai da ta canza soson da ke danne alluran, don tsohon ya lotse, ta goge ƙura, ta ɗiga mai. Allurai 200 ne a jere, kowacce da ɗan harshenta mai buɗewa da rufewa. Kina tura kan injin daga wannan gefe zuwa wancan, layi guda ya saƙu. Kuma ba ruwansa da wutar lantarki, wannan kaɗai ya sa na ƙaunace shi.

Ba ta yarda na taɓa riga ba sai da na saƙa ɗan ƙyalle na gwaji, na wanke, ya bushe, na ƙirga ido nawa (ido shi ne ɗan madaukin zaren da kowace allura ke yi) da layi nawa ke cikin santimita 10. Da wannan lissafin ake sanin allura nawa za a fito da su. Ni a ganina nan sana'ar take, domin saƙa a kan inji a miƙe take, ƙarafan nauyin da ake rataya mata suna janta ƙasa, sai an sauke ta huta take nuna girmanta na gaskiya. Ƙarafan ma sai ana ɗaga su sama a kai a kai, musamman na gefe, in ba haka ba ido ya zame, saƙa ta fara warwarewa.

Baya da gaba da hannaye biyu ba su ba ni wahala ba. Wuyan rigar ne aikin. Sai kin jingine alluran ɓangare ɗaya, ki saƙa kafaɗa guda kina ragewa kaɗan-kaɗan, sannan ki dawo ɗayar ki yi daidai da ita. Haɗawa kuma da hannu ne, da babbar allura. Zaren kasuwar nan na roba ne, ba ya son dutsen guga mai zafi, tururi kawai ake nuna masa daga nesa don bakin ya daina naɗewa.

Riga ruwan toka na yi wa autana, da ita ya tafi Islamiyya yau da safe. Na san sanyin Gembu ya fi hunturunmu, don haka ki auno mini faɗin ƙirjin ɗanki, da tsawon hannu, da daga kafaɗa zuwa ƙugu, ki faɗi launin da yake so. In na samu mai zuwa Jalingo sai in ba da saƙo.

Ki gaida mutan gida. Goggo ma tana gaishe ki.

Taki har kullum,
ƙawarki ta Tudun Wada.