Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga malamin da ya ce na ƙaryata George Lucas

Assalamu alaikum, Malam.

Ranar Asabar ɗin da ta wuce, a taron marubuta, bayan na kammala jawabina, ka karɓi lasifika ka jefo mini tambaya zaure yana cike. Ka ce wai ni wane ne da zan ce George Lucas, mai shirya finafinai ɗan Amurka, bai tsara labarin finafinan Star Wars tun daga farko ba, alhali shi da bakinsa ya ce ya tsara? Ka ƙara da cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma wanda bai taɓa aza tubali ba shi yake saurin hango tsaga a bangon wani. Mai gabatarwa ya ce lokaci ya ƙure, aka tashi sallar la'asar, ban samu bakin magana ba. Tunda a bainar jama'a ka yi, a bainar jama'a zan amsa.

Batun da ka kawo cewa ban taɓa zuwa Amurka ba gaskiya ne, amma bai taɓa hujjata ba, don haka na bar shi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ka ce na kira mutum maƙaryaci saboda hassada, kuma ka faɗe shi yaran da nake koya wa rubutu suna zaune a sahun gaba. Na ga ɗaya daga cikinsu ya sunkuyar da kai. Malam, kai babba ne, na girmama ka shekara da shekaru, amma wannan kalmar ba ka auna ta ba kafin ka sake ta.

Ban ce Lucas maƙaryaci ba ne. Cewa na yi labarin ya girma a hannunsa sannu a hankali, kuma takardunsa ne shaida. Kamfaninsa na Lucasfilm da kansa ya buɗe wa J. W. Rinzler ma'ajiyarsa, ya fitar da littattafai a kan yadda aka yi finafinan, na farko a 2007. A daftarin da Lucas ya gama a 1974, Luke Skywalker tsohon janar ne mai furfura, saurayin labarin sunansa Annikin Starkiller, Han Solo kuwa wata halitta ce mai koren fata. Darth Vader, mugun labarin da daga baya aka ce shi ne mahaifin Luke, janar ne kawai a rundunar sarki, ba uban kowa ba. Sai da aka yi daftari huɗu kafin a ɗora kyamara a Tunisiya a watan Maris na 1976, kuma har aka fara ɗauka yaron, wanda yanzu ya zama Luke, yana amsa sunan Starkiller. Da fim ɗin ya fito ranar 25 ga Mayu 1977, babu wata lamba a kansa da ke nuna shi ne kashi na huɗu na labarin. Sai a 1981, da aka sake fitar da shi, aka ƙara masa lambar da sabon suna.

Ka ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Na yarda, mu saurari mai waƙar. A 1977, a hirarsa da mujallar Rolling Stone, Lucas ya bayyana cewa Vader ne ya kashe mahaifin Luke, sannan Obi-Wan, malamin Luke, ya fafata da shi har Vader ya faɗa cikin ramin dutse mai aman wuta, dalilin da ya sa yake numfashi da na'ura. Mutum biyu ke nan, wanda ya kashe da wanda aka kashe. A 1978 maganar da ake yi finafinai 12 ce. Zuwa 1980 ta koma 9. Bayan 2005 ya sha nanata cewa 6 ne, labarin ya ƙare. A 2012 kuma ya rubuta tsarin wasu guda uku. Wanne daga cikin baitocin nan kake so in riƙe, Malam?

Inda na fi so ka tsaya ka duba shi ne watannin farko na 1978. A ƙarshen 1977 Lucas ya ɗauki wata tsohuwar marubuciyar almarar kimiyya, Leigh Brackett, ya zauna da ita kwanaki yana ba ta labarin fim na biyu, ta je ta rubuta. Ta miƙa daftarinta a watan Fabrairu, ciwon daji ya ɗauke ta a watan Maris. A cikin wannan daftarin mahaifin Luke yana bayyana a matsayin fatalwa, yana yi wa ɗansa magana, Vader kuma yana can gefe, wani mutum dabam. Luke yana da 'yar'uwa da aka ɓoye a wani wuri mai nisa, sunanta Nellith, kuma ba ita ce Leia, gimbiyar labarin, ba. Da marubuciyar ta rasu, Lucas ya zauna shi kaɗai da daftarin da bai gamsar da shi ba, ya sake rubutawa da hannunsa. A nan ne, a watan Afrilu, uban da maƙiyin suka zama mutum guda. Abin da duniya take ɗauka shi ne ƙashin bayan labarin, an samo shi ne kusan shekara guda bayan fim na farko ya riga ya cika gidajen kallo.

Kuma ko ba ka karanta daftari ba, ai kana da ido. Ka koma ka kalli fim na biyun, The Empire Strikes Back na 1980, wurin da Luke yake kwance a ɗakin jinya bayan an tsamo shi daga ƙanƙara. Leia ta matso, ta kama fuskarsa, ta sumbace shi a baki don ta ƙular da Han, Luke kuma ya jingina yana jin daɗi. Shekara uku bayan haka aka ce mana tagwaye ne. Tsakaninka da Allah, marubucin da ya san ciki ɗaya suka fito zai rubuta wannan? Littafin Alan Dean Foster na 1978, wanda aka tanada don ya zama ci gaba mai arha idan fim na farko bai yi kasuwa ba, shi ma a kan shaƙuwar saurayi da budurwa ya ɗora su.

Don kada ka ce na yi zalunci: akwai abin da Lucas ya riƙe tun da wuri. Jamhuriyar da ta ruɓe ta zama daula, ɗan majalisa Palpatine da ya haye karaga, duk suna cikin gabatarwar littafin fim ɗin da ya fito a 1976. Faɗan bakin dutsen nan ma da ya ambata a 1977, sai a 2005 ya ɗauke shi. Yana da taswira a kansa, wannan ban musa ba. Abin da na musa shi ne cewa taswirar tana ɗauke da kowane lungu.

Ka kawo finafinan baya-bayan nan a matsayin hujjar cewa rashin tsari ne yake kashe labari. A nan ba mu yi nisa da juna ba. Disney ta sayi Lucasfilm a watan Oktoba na 2012 a kan dala biliyan 4 da ɗoriya, ta ajiye tsarin da Lucas ya miƙa mata. A 2017 aka ce iyayen Rey, jarumar sababbin finafinan, ba kowa ba ne, a 2019 aka ce jikar Palpatine ce. Darakta Colin Trevorrow, wanda aka ba fim na ƙarshe, ya bar aikin, Carrie Fisher, mai fitowa a matsayin Leia, ta rasu a Disambar 2016 alhali fim na ƙarshe ya kamata ya jingina da ita. Ni ma ban ji daɗin yadda aka ƙare ba. Sai dai a ganina ciwon daga sauyin hannu yake, wannan ya ɗaura wancan ya kwance. A zamanin Lucas sauyi ya fi haka yawa, amma kai ɗaya ne yake ɗauke da kayan.

Yanzu bari in faɗi abin da nake zargi, in kuma na yi kuskure ka yafe mini. Ba na jin mutuncin Lucas ne ya tayar da kai tsaye, shi da bai san da zamanmu ba. Shekaru kana gaya wa ɗalibanka cewa ya zauna ya rubuta duka taran kafin ya taɓa kyamara, a kan wannan misalin ka gina darasinka na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Na zo na taɓa misalin, sai ka ji kamar darasin na rushe. Da ka kira ni gefe, da na nuna maka shafukan, mu gyara tare.

Dalilin da ya sa na ɗauki abin da zafi shi ne ina ganin ɓarnar da wannan tatsuniyar take yi. Akwai wani yaro a ajina da yake yawo da littafin rubutu mai bango ja tun shekara biyu da suka wuce. Ciki cike yake da sunayen sarakuna, da zanen garuruwa, da wa ya haifi wa har kaka bakwai. Babi ɗaya bai rubuta ba. Duk lokacin da na tambaye shi sai ya ce bai gama tsari ba, ai manya sai sun san ƙarshe suke farawa. Irinsa suna da yawa, kuma mu ne muka ɗaure musu hannu da labarin gwanin da ba ya laluɓe. Sannan idan wani ya tashi ya kawo hujja, ba a tambayar me hujjar ta ce, sai a tambayi shi ɗan gidan wane ne, fim nawa ya yi, wa ya aiko shi. Wannan ɗabi'ar ta hana mu gyara abubuwa da yawa a tarukanmu, kuma na gaji da yin shiru a kanta don kawai mai maganar ya girme ni.

Ba na neman ka yarda da ni a kan komai. Abu ɗaya nake nema: kalmar hassada da ka jefa mini a gaban ɗalibaina, ka janye ta a inda ka faɗe ta. Taro na gaba zan zo da littafin Rinzler na 2010 a kan fim na biyu, na sa alama a shafukan da suka yi bayanin daftarin Brackett. Ina roƙon mai gabatarwa ya ba mu minti goma, kai ka karanta da bakinka, ni in zauna in saurara.

Wassalam.