Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga kamfanin da ya sayar mini da bindigar harbin kifi a Sabon Gari

Assalamu alaikum.

Alhaji, ranka ya daɗe. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali da ma'aikatanka. Ban so maganar nan ta fito fili ba. Sau uku ina takawa zuwa reshenku na Sabon Garin Zariya. Sau biyu aka ce mini manaja ya tafi Kano, a na ukun aka karɓi lambata wai za a kira ni. Yau wata biyu ke nan ban ga kiran ba. Shi ya sa na rubuto inda jama'a za su gani. Ban kama sunan kamfaninku ba don ba tozarci na fito yi ba, kuma ai kun san kanku.

Ni masunci ne, gado na yi. A bakin kogin Galma na tashi, wajen Dakace, cikin birgi da kalli da mamari. Nutso da bindiga kuwa da girmana na koya, a hannun wani yayana da ya yi shekaru yana aiki a bakin teku a Legas. Amfanin abin a wurinmu guda ne. Idan bazara ta kama, ruwa ya ja baya ya ɗan kwanta, manyan tarwaɗa sukan shige ƙarƙashin duwatsu da saiwoyin itatuwa a wurare masu zurfi, inda in ka jefa raga sai dai ta dawo a yage. Nan ne mai nutso yake cin abincinsa. Ranar da Allah ya sa ruwan ya washe sosai kana iya hangen mita biyu a gabanka. Yawancin ranaku ko tafin hannunka da ƙyar kake gani in ka miƙe shi.

Abin da ya kawo ni shagonku wani jadawali ne da kuka saka a shafinku na Facebook. Kun jera bindigogin kamfanonin Cressi da Mares da Beuchat da Rob Allen da Riffe, kowanne da taurari a gabansa, layi ɗaya na ƙarfi, layi ɗaya na saiti. A can bisa kansu duka kuka ɗora wata da kuka ce ku da kanku kuka shigo da ita: taurari biyar a ƙarfi, biyar a saiti, kuma a rabin kuɗin sauran. Tsawonta santimita 110, da roba biyu masu kaurin milimita 18. Da na zo, ban ɓoye wa yaron shagonku komai ba. Na gaya masa a Galma nake shiga, na gaya masa yadda ruwanmu yake. Amsar da ya ba ni ita ce, "Malam, wannan ko giwan ruwa ka samu sai ta huda shi ta fita ta wancan gefen." Na ƙirga naira dubu 140 na ba shi, rasit ɗin yana hannuna.

Ni ma da nawa laifin, ba zan ɓoye ba. Da na kai ta gida kawuna ya juya ta a hannu ya ce, "Kai yaro, wannan gorar a wane kogi za ka juya ta?" Dariya na yi masa. Taurari sun riga sun rufe mini ido.

Kwana uku ina shiga ruwa da ita ban fito da ko ƙurungu ɗaya ba. Kafin in karkato bakinta tsakanin duwatsu kifin ya daɗe da tafiya, in kuma na samu na harba sai kibiyar ta bi wata hanya daban. Don kada in zalunce ku, sai na yi gwaji. Na kafa turke a inda ruwa ba ya gudu, na ɗaure murfin bokitin fenti a jikinsa, na ja baya mita biyu. Na ari tsohuwar bindigar yayana, ƙirar Beuchat mai santimita 60 da roba ɗaya tal, wadda fentinta ma ya goge don tsufa. Harbi goma da ita, takwas sun shiga murfin. Harbi goma da taku, biyu suka taɓa shi. Shida sun kauce hagu, biyun da suka rage ban ma ga inda suka nufa ba sai da na jawo igiya. Duk lokacin da na ja kunama kuwa sai ta zabura ta daki tsintsiyar hannuna.

Da na kawo wa yaronku wannan labari sai ya ce hannuna ne bai saba ba, wai ruwa yana yaudarar ido. Gaskiya ne yana yaudara. Gilashin nutso yakan nuna maka abu ya ƙara girma da kusan kashi ɗaya cikin uku, ya kuma matso kusa fiye da inda yake. Kowane mai nutso ya san haka tun satinsa na farko. To amma da idon da na harba ta yayana, da shi na harba taku, a ruwa ɗaya, a rana ɗaya.

Sai na kai kibiyar wurin wani mai aikin ƙarfe. Ya ɗora ta a kan gilashin tebur ya mirgina, muna kallo tana ɗingishi. A lanƙwashe take tun kafin ta ga ruwa, dalilin kaucewa hagu ke nan. Ya sa ma'auni ya auna kaurinta, milimita 6. A nan ne na gane ainihin cutar, wadda ta fi lanƙwasar muni. An ɗora wa siririyar kibiya roba biyu masu kaurin 18, ƙarfin da ya fi ta nesa ba kusa ba. Idan aka sake ta, gindin yana tura ta kafin kan ya samu hanya, sai ta fita tana karkarwa kamar bulala. Ga shi kuma jikin bindigar bututun alminiyam ne marar nauyi, ba abin da zai danne zaburar. Alhaji, ka tambayi kowane maharbi a ƙauyukan Zazzau abin da ke faruwa in aka cika wa harba-ka-ruga albarushi fiye da ƙima. Ƙara za ta yi ta cika daji, ta daki kafaɗa, nama kuma ya wuce abinsa. Abin da kuka sayar mini ke nan, sai dai nawa a cikin ruwa ne, shi kuwa ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, ba ya yafe wa kibiyar da ta fito a karkace.

Wannan ne ya sa jadawalinku ya fi bindigar ba ni haushi. Ita bindiga guda ce, ni kaɗai ta cuta. Jadawalin kuwa har yanzu yana nan a shafinku yana jiran wani. Ta yaya za a ba wa sunan kamfani tauraron saiti? Beuchat tun 1934 suke wannan sana'a a Marsel ta Faransa, Cressi tun 1946 a Jenowa, Mares tun 1949, su ma a Italiya. Kowannensu yana ƙera gajeru na shiga ramukan duwatsu, yana kuma ƙera dogaye na buɗaɗɗen teku. Wacce daga ciki kuka auna? A wane ruwa, daga wane nisa, da wace kibiya? Rob Allen na Durban a Afirka ta Kudu sun yi suna ne da wata siririyar hanya da suke yi a bayan bututu, kibiya ta kwanta a cikinta tun daga kunama har baki don kada ta yi rawa. Riffe na Amurka katako suka riƙe, nauyinsa shi ke shanye zaburar roba. Duk wanda ya kula zai ga cewa waɗannan mutane wahalar da suke sha ita ce yadda za su sarrafa ƙarfi, domin ƙara roba kam ko yaro mai danƙon harbin tsuntsu ya iya. Ku kuwa kun ɗauki wadda ta fi kowacce kaurin roba kun naɗa ta sarauniyar saiti.

Akwai ma bindigogi masu aiki da iska, irin waɗanda Cressi da Mares suka shahara da su, da ake yi wa famfo. Gajeru ne amma da ƙarfi, kuma su ne suka fi dacewa da gurɓataccen ruwa irin namu, ko da yake ni ina jin tsoronsu don in ta fara sace iska samun mai gyara a Zariya aiki ne. Ko layi ɗaya ba ku ba su ba a jadawalin.

Batun roba kuma da idona na gani. A ƙofar shago kuke rataye bindigogin nan don masu wucewa su gani, rana tana dukansu tun hantsi har la'asar. Robar nan ana jan ta ne ta ninka tsawonta sau uku ko fiye, kuma ba abin da ke kashe ta kamar rana da zafi. Da na ja tawa a cikin haske sai na ga duk ta tsattsage kamar faso. A shiga ta biyar ɗaya ta tsinke ina cikin ɗana ta, ta zane ni a bayan hannu, har yau tabon yana nan. Da a fuska ta same ni da yanzu wani zancen ake yi.

Akwai abin da nake roƙon ka tsawatar a kai yau ɗin nan, ko da ba za ku mayar mini da sisi ba. Ranar da na dawo da ƙorafi, yaronku don ya nuna mini lafiyarta ƙalau sai ya kafa gindin wata irinta a ƙirji zai ɗana a cikin shago, bakin yana kallon titi, ga masu a-daidaita-sahu da 'yan talla suna wucewa. Sai da na riƙe hannunsa. Ba a ɗana bindigar kifi a tudu, ba a kuma harba ta a tudu. Kibiyar da aka yi don ta ratsa ruwa, in ta samu iska tana iya tsinke igiya ta tafi, ko igiyar ta fizgo ta ta dawo kan mai harbin. Yaron ba mugu ba ne, ba a dai koya masa ba.

Abin da nake nema ba shi da yawa. Ku karɓi kayanku ku ba ni kuɗina, ko ku musanya mini da gajeruwa, tsakanin santimita 60 da 75, mai miƙaƙƙiyar kibiya da sabuwar roba ɗaya, in akwai ciko ku cika mini. Jadawalin kuma ku sauke shi, ko ku rubuta a ƙasansa wanda ya yi gwajin da inda aka yi shi. Na san akwai hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu sayayya, na kuma san dokar kare masu sayayya ta 2018 ta yi magana a kan kayan da aka sayar da aibu ko suka saɓa wa tallarsu. Ban kai ƙara ba tukuna, domin na fi son mu gama a tsakaninmu, ko a gaban shugabannin kasuwa.

Sai dai lokaci ba ya hannuna. Da zarar ruwan sama na farko ya sauka Galma za ta koma launin kunun kanwa, nutso ya ƙare sai baɗi. Bindigar tana nan naɗe cikin buhu, tare da guntun robar da rasit. Ranar Litinin bayan azahar zan kawo ta shagon, ni da kawuna, in sha Allahu. A taimaka a gaya wa manaja kada ya tafi Kano.

Wassalam.

Naka,
Wani masunci daga bakin Galma, Zariya.