Sanarwa kan gyaran tsakar gida kafin damina

Assalamu alaikum ƴan uwa, iyaye da ƙanne.

Masu shirin gyaran gida, don Allah kada a malale tsakar gida da ƙofar gida gaba ɗaya da siminti. Ruwan saman da muke samu daga Yuni zuwa Satumba shi ne ke nutsewa ya ciyar da rijiyoyi da burtsatsenmu. In ya sauka kan daɓe, kwata yake bi ya tafi rafin Jakara na nan Kano, ya cika mana lunguna a hanya. Ga kududdufan da ke riƙe shi a da, an cike da yawa an yi gini. Shi ya sa rijiya ke ƙafewa tun kafin bazara, mu koma jiran ƴan garuwa.

A bar ko taku uku na ƙasa, a juya indararo ya zuba can, a dasa zogale, gwaba ko lemun tsami. Darbejiya kam a nesanta ta da katanga, saiwarta na fasa gini. Ruwan alwala a tara a bokiti, a ba shuka da yamma, a rufe gindinta da busassun ganye.

Baƙin mai da ragowar maganin feshi kuma, kada a zubar kusa da rijiya. Yaranmu ke sha.