Zuwa ga ɗana, kan maganar hantarka da karas

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali.

Mahaifiyarka ta ce hoton da aka yi maka a asibiti ya nuna kitse a hanta, kuma tun ranar kake shan ruwan karas safe da yamma, wai an turo maka a WhatsApp cewa yana wanke hanta tas.

Ban hana ka karas ba. Amma yawancin binciken da ake kafa hujja da shi a kan ɓeraye aka yi. A ɗura musu abinci mai maiƙo har hantarsu ta yi kitse, sannan a haɗa musu da karas ko dankali a ga ko za ta sauka. Ɓera a keji ba ya zuwa wurin mai shayi da dare ya ce a zuba madara da sukari cokali huɗu. Kai kuwa na san ka.

Kuma idan an markaɗa karas an tace, tuƙar da ake zubarwa ita ce mai ƙosarwa, ita ke sa sukari ya shiga jini a hankali. Ka wanke shi ka tauna. Dankalin Hausa a dafa, kada a soya, kuma ya maye gurbin rabin shinkafar, ba ƙari a kanta ba.

Ba man girki kaɗai ke tara wannan kitse ba. Hanta da kanta take mayar da rarar sukari kitse, musamman na lemon kwalba. Kwalba ɗaya mai 35cl na ɗauke da kusan cokalin shayi 9 na sukari. Abin da likitoci suka tabbatar yana aiki shi ne rage ƙiba: kashi 5 cikin 100 na nauyin jiki yana rage kitsen, kashi 7 zuwa 10 yana kwantar da kumburin da kitsen ke jawo wa hanta. Mai kilo 90 ya sauke kilo 6 zuwa 9 ke nan, sannu a hankali, da tafiyar ƙafa ta minti 150 a mako. Ka riƙa ajiye motar nan in za ka masallaci.

Jiƙe-jiƙen da ake talla a tasha kada ka kusance su, waɗansu hantar suke ci. Idan ka koma asibiti ka ce a gwada maka ciwon hanta nau'in B da sukarin jini, ka kira ni da sakamakon.

A gaida maiɗakinka da yara. Allah Ya ƙara sauƙi, Ya yi maka albarka.

Mahaifinka